Wadda Ta Amsa Sallama

Wata uku Jannatu tana zirga-zirga Argungu tana auna tsohon gidan ƙasa na kakanta. Ta gina shi daki-daki cikin kwamfuta, da irin manhajar da ake yin wasanni, har mutum na iya shiga ya zaga. Kawu Hodi ne ya sa ta. Ya rantse mata da zarar ta gama za a bi aikin a gyara gidan, ba za a rushe shi ba.

Ranar da ta kammala, bayan magariba, tana ɗakinta a Gwadangaji, ta danna ta shiga zauren da ke kan allo. Don sabo, sai ta yi sallama a hankali.

Aka amsa.

Wata tsohuwa na zaune gindin rumbu, wadda Jannatu ba ta zana ba. Rumbu da inuwarsa, turmi da tasa inuwar, tsohuwar kuwa babu. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Inno, wa ya kawo ki nan?" in ji Jannatu.

"Hodi mana. Yac ce ɗiya tai ta gina muna sabon gida, mu taso. Da la'asar anka rushe wancan."

"Amma Kawu ya rantse mini!"

"Mu ma ya rantse muna akwai wuri." Tsohuwar ta dubi bayan Jannatu. "Ɗan matsa, ɗiyata. Sauran na tsaye, kin tare musu ƙofa."