Kwana Ashirin da Ɗaya a Ramin Kara

A bakin kasuwar Kankia Abdullatif ya fara ganin Kamila, tana jan wata tunkiya da ake iya ƙirga haƙarƙarinta. Bazara ce, harawa ta yi wuya.

"Malama, sayar da ita za ki yi?"

"Yo in ba haka ba fa? Busasshen kara ya rage mana, shi ko ba ya riƙe ciki."

Shi malamin gona ne, amma ranar nan har sunansa sai da ya kusa mantawa. Ya ce, "Mayar da ita gida. Zan mai da karan nan abinci."

"Da mi?"

"Da takin yuriya."

Ta yi dariya har da riƙe baki. Tun daga nan ta sa masa Malamin Taki, babur ɗinsa kuwa ya haddace hanyar Kaikai, ƙauyen su Kamila.

Sai dai Gajere dillalin dabbobi, wanda ya daɗe yana son Kamila, ya riga shi wurin mahaifinta, Malam Labaran. Ya ce ai a Tafashiya wata akuya ta lashi yuriya, ko shurawa ba ta yi ba.

Abdullatif ya je gaban tsohon ya durƙusa ya ce, "Gaskiya ne, Baba, ɗanyen taki yana kisa. Amma wannan jiƙawa ake yi, a rufe ya nuna."

Tsoho ya murtuke fuska. "Taki na gona ne, yaro. Gwada a kan tunkiyarta. In ta mutu, kada in ƙara ganin babur ɗinka a ƙofar gidana."

Aka datsa kara, aka narka taki a ruwa daidai awo, aka yayyafa, aka tattake a rami, aka rufe da leda, aka danne da ƙasa. Sai jiran sati uku.

Kai, jira bai yi ba! Kamila ta kasa zaune ta kasa tsaye. Sau goma a wuni take leƙa ramin nan, tuwo ma ya daina shiga.

Ta tura masa saƙo a waya: "Malamin Taki, in tunkiyar nan ta mutu fa? Wallahi tsoro nake ji."

Ya amsa: "Sanyin idona, ni ma jiya na kai ofis da takalmi wari da wari. Saura kwana tara."

Ranar buɗewa, kamar da gayya, aka tura shi taro Katsina. Kamila ta yaye ledar, wani wari ya daki hanci har idanu suka kawo ruwa.

Malam Labaran ya ja da baya. "Ya ruɓe! Guba ce! Ku kwashe shi bayan gida, gobe a cinna masa wuta."

Ta rubuta wa Abdullatif: "Shi ke nan, Baba ya ce guba ce."

"Warin nan shi ne shaidar ya yi, rabin raina. Baza shi a inuwa ya sha iska. Kada ki ba tunkiyar yau."

Ta baza. Washegari da hantsi, kafin a kawo ashana, sai ihu. Bijimin Malam Labaran, wanda ya fi so a duk garkensa, ya tsinke igiya, ya tasa karan nan gaba, ya ci ya yi nak.

Tsoho ya yi salati, ya wasa wuƙa, ya zauna gefen bijimin, don kada ya mutu mushe. Gajere ya iso yana ta "Ai na faɗa." Kamila na bayan zana tana kuka.

Azahar ta yi. La'asar ta wuce. Bijimi sai tuƙa yake yi hankali kwance, yana kallon wuƙar. Can ya miƙe ya nufi sauran karan. Gajere ya ce yana da uzuri.

Da Abdullatif ya iso a guje, kafin ya gama gaisuwa tsoho ya ce, "Wai awon takin nan nawa ne a duro guda? Kuma ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, tunkiya na ɗaure a gindin darbejiya da 'ya'ya biyu. Wuƙar da aka wasa don bijimi, da ita aka yanka ragon walima. Malam Labaran ya ce, "Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Daga cikin mayafi Kamila ta raɗa, "Amin, Malamin Takina."