Ƙofar Gaban Gidan Geraghty

Ruwa ake yi ranar da Sorcha Geraghty ta fara ganin Hugo Thorne, irin ruwan nan namu da ba ya tsananta, ba ya ɗaukewa, sai ya jiƙa mutum har ƙashi. Yana tsaye a bakin babban gidansu na Lissarra, bokiti a kowane hannu, gashi ya manne masa a goshi.

Ni ne sanadi, ni Malachy, kakanta. Ban yi makaranta ba, amma na haƙa ramin jirgin ƙasa a ƙarƙashin Landan, ƙasa ta rufta da mu, aka ciro ni da raina aka bar waɗanda suka fi ni karatu. Likitan da ya ce ba zan kai baɗi ba, na je jana'izarsa. Abu ɗaya ya rage mini a duniya, in ga gidan Thorne yana ruɓewa da idona. Shi ya sa na sa yarinyar ta fito da mota.

Tun safe muke tafe. Tumaki suka tare mu a wata gada, gilashi ya yi hazo tana gogewa da hannun riga. Can sai ga katangar dutse ta miƙe da mu, kamar ba za ta ƙare ba.

"Kin ga katangar nan? Masu yunwa suka gina wa gidan Thorne ita, a kan kwanon fate."

"Tun daga gida kake faɗa, Kaka."

"Zan kuma faɗa a komawa."

Saurayin ya tare mu da fara'a. "Sannunku da hanya. Ku kaɗai ne baƙinmu yau. Ku bi ta hagu, dama tana yoyo."

"Kai ne mai gadi?" in ji Sorcha.

"Mai gadi, mai shayi, mai gidan. Hugo Thorne."

Na ce, "Ni kuma Geraghty. Kakan kakanka ya sa aka yaye wa kakana rufi cikin irin wannan ruwan, aka watsa su titi da jariri a hannu."

Ya ajiye bokitan. "Na ji labarin, ranka ya daɗe. Ba ni da maganar da za ta isa."

"To riƙe ta. Nuna mini inda ya fi yoyo."

Ya kuwa nuna mini. A babban falo ruwa na ɗiga daidai kan hoton tsohon Thorne, ya cinye masa rabin gemu. Rabona da irin wannan daɗin na manta. Na waiwaya in nuna wa Sorcha, sai na gan ta riƙe masa da bokiti, yana kan tsani, suna dariya.

Kafin mu kai gida saƙon Hugo ya shigo wayarta. Daga baya ta karanta mini su duka.

"Direba, kin isa lafiya? Kakanki ya bar hularsa. Ko da gangan ne, don ya dawo ya ga silin ya faɗo?"

"Da gangan ne. Kula da kanka, Sarkin Bokiti."

Wata rana kuma: "Yau ba a yi ruwa ba, na rasa aikin yi sai tunaninki."

"Kada ka saba, masoyi. Gobe za a yi."

Haka aka shafe bazara, tana tashi daga aikin jinya tana miƙa hanyar Lissarra, wai hula za ta karɓo.

Ubanta Cathal, ɗana ke nan, da ma yana da nasa a zuciya: Fintan Moran, wanda gonarsa ke jingine da tamu, yaron da ba ya iya hira sai ta farashin maraƙi. Da Sorcha ta faɗi sunan Hugo, Cathal ya ture faranti.

"Thorne? Kuma ɗan wancan cocin da ba namu ba? Uwarki na kwance a ƙasa, ki bar ta ta huta."

"Baba, shi bai kori kowa ba."

"A gadon wanda ya yi korar yake kwana."

Duk da haka ta roƙa, ya yarda yaron ya zo ranar Lahadi. Nan Hugo ya tafka ta.

A wajenmu maƙwabci da ɗan'uwa ta baya suke shiga, ta kicin. Ƙofar gaba ta fada ce, wato limamin coci, in ya zo wa mai gargara, da akwatin gawa, da masu zuwa kora. Tamu ba a buɗe ta ba tun da aka fitar da Nuala, uwar Sorcha. Fenti ma ya liƙe ta.

Muna kan tebur da rana, Fintan ya gayyaci kansa kamar kullum, sai muka ji bugu daga gaba. Cokali ya tsaya a hannun Cathal. Ya tashi, ya ɗaga taga. Ga Hugo cikin kwat, da furanni.

"Thorne na ƙarshe da ya buga wa Geraghty ƙofar gaba da 'yan sanda ya zo. Kai ina naka?"

Ya rufe tagar. Fintan ya yi dariya har dankali ya sarƙe shi.

Sorcha ta rubuta masa: "Ta ƙofar nan aka fita da mamata. Ka zo mana kamar mai karɓar haya, a gaban Fintan. Kada ka kira ni."

Ya amsa: "An koya mini mai neman aure ta gaba yake zuwa, fuska a fili. Ban so in shigo wa babanki ta baya kamar ɓarawo ba. Ban sani ba, Direba. Ki yafe mini."

Ba ta mayar ba. Ta rame, ta daina tsokanata. Fintan ya gabatar da kansa, ta ce masa gara ta auri maraƙinsa. Sai na ji tana waya da wani asibiti a Sydney, can ƙarshen duniya, suna maganar watan da za ta fara.

Nan raina ya ɓaci. Gidan Thorne ya tura rabin danginmu jirgin ruwa, ko kabarinsu ba mu sani ba. Ba zai ƙara tura mini ɗaya ba ina numfashi. Na hau bas cikin ruwa, ni kaɗai da sandata, har Lissarra.

"Ba don ina son ka ba ne," na ce wa Hugo. "Ka zo ta baya. Ka bi ta kashin shanu, ka cire takalmi a bakin ƙofa. In Cathal ya yi maka tayin shayi ka ƙi. Ya sake, ka ƙi. In ya yi na uku, ka samu. In bai yi ba, ɗauki takalminka."

Ya zo ranar Asabar, jiƙe sharkaf, ya tsaya da safa a kan daɓen kicin. Cathal bai dube shi ba. Sorcha ta sauko ta tsaya a matakala.

Na ce, "Cathal, ko ka ɗora buta, ko ka kai 'yarka filin jirgi. Zaɓi."

Ya ɗora butar kamar zai fasa murhun.

"Za ka sha shayi?"

"A'a, na gode, maigida."

"Ko rabin kofi."

"Kada ka wahalar da kanka."

Buta ta tafasa, ta yi ta kuka, babu wanda ya motsa. Cathal ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ita ma shi take kallo, ba ta roƙe shi ba.

"Zauna ka sha," ya ce. "Kana jiƙa mini ɗaki."

Aka ɗaura aure a cocinmu lokacin kaka, ana ruwa. Cathal ya riƙe hannunta har gaban fada, ya miƙa ta ga ango. Hugo ya raɗa mata wani abu, ta yi dariya da hawaye a fuska.

Walima a Lissarra aka yi. Cathal ya kai amarya bakin katanga, ya tsayar da mota, ya sumbace ta a goshi.

"Iyakata nan, 'yata. Je ki."

"Baba, ko minti ɗaya."

"Je ki, za ki jiƙe."

Ni kam na shiga. Na zauna a kan tebur, na ci namansu, na sha giyarsu. Ban yafe ba, kuma duk wanda ya tambaye ni na gaya masa. Da aka ce tsoho ya sa albarka, na miƙe ba tare da sanda ba, na ɗaga kofi.

"Allah ya zaunar da Sorcha da mijinta lafiya. Ya ba su 'ya'ya masu ƙashin Geraghty, ya bar su a ƙasar nan har su tsufa."

Kowa ya ce amin, aka sha. Ta taga ina hango fitilun motar Cathal a bakin katanga cikin ruwa. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba.