Rantsuwa a Kan Rumbu

Allah sarki Aina'u! Ana tsakar damina, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ta zauna a bayan ɗaki ta tura ɗan tuwon da aka zuba mata gaban 'yarta Raudatu. A gidan sabon mijinta Sha'aban noman gandu ake yi, surukinta ke auna wa kowa hatsi, kuma tun ranar tarewa ya faɗa cewa shi ba ya awo da agola, mai 'ya ya ci da 'yarsa. Mai 'yar kuwa, tsohon mijinta Basiru, yana jin an ɗaura mata aure ya yanke damin geron da yake aikowa. Yarinya ta rame, gashi ya yi ja, wuya kamar sillen kara, ga uwar da ciki wata shida...

"Inna, ke fa?"

"Ramuwar azumi nake, ci abinki," ta ce, hawaye na zuba.

Sha'aban mutumin kirki ne, sai dai ba shi da ta cewa a gaban ubansa. Shi ya raka ta wurin dagaci. Aka kira Basiru, dagaci ya ce, "Auren uwa ba ya sauke wa uba nauyi. Ci da suturar yarinyar nan a wuyanka suke." Basiru kuwa, da ya liƙe rumbunsa da laka yana jiran hatsi ya yi tsada, ya dafa ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, na rantse da Wanda raina ke hannunSa, ko ƙwaya babu a rumbuna!" Tsigar jikin Aina'u ta tashi, ta ɗaga hannu sama tana kuka. "Ya Allah, Kai ne gatan marar gata."

To, sai abu ya fara. Da tsakar rana, in ta bi bayan dangar Basiru zuwa rijiya, takan ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin rumbun, kamar mutane da yawa suna tauna a ɓoye. Kaji suka daina kiwo a gindinsa. Akuya in ta iso wurin sai ta toge, a yi ta ja ta ƙi. Mata suka sake hanya suna a'uziyya.

Da hatsi ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar Ɗanbatta, gogan naka Basiru ya kira mai mota, ya hau ya fasa murfi. Aina'u na dawowa da tulu ta tarar da cincirindo. Dammuna na nan a jere kamar jiya aka shirya su... yana sa hannu suka ruguje! Ƙasa ce zalla, gara ta cinye ta gina kamanninsu. Innalillahi! Basiru ya sulalo ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Dagaci, da hayaniya ta jawo shi wurin, ya dube shi. "Rumbun da ka rantse babu komai, shi ka kira wa mota?" Nan take ya yanke hukunci: geron da ke tsaye a gonar Basiru, kafin ya taɓa zangarniya ɗaya, sai an fitar wa Raudatu abincin shekara.

Ranar da aka daka damin farko, Raudatu ta ci, ta ci, ta ture kwano da saura a ciki ta ce, "Inna, na ƙoshi." Aina'u ta rungume ta ta fashe da kuka, don rabonta da jin wannan kalma a bakin 'yarta tun kafin ruwan shuka.