Gishiri a Gindin Bishiya

Ƙanƙara kaɗan ce ke rikita garin Greensboro. Da ta fara zuba sai kowa ya ruga kanti ya wawushe burodi da madara, kamar an ce gobe za a tashi duniya. Masu share hanya kuwa lokacin suke samun aiki.

Abdulmuhaimin yana tuƙa motar share ƙanƙara a wani ƙaramin kamfani. Shi ya samo wa Abass aiki a nan, ɗan zangon Kumasi da ya taɓa yin wata huɗu yana kwana a falonsa kafin ya kama ɗakinsa. Wata rana da la'asar, Abass ya tare shi.

"Ɗan'uwa, mu yi musanya mana. Ɗauki motata ka share unguwar Pleasant Garden, ni in share titin Wendover. Bayana ke ciwo."

Abdulmuhaimin, sarkin kunya, ya karɓi makulli.

Ya isa da magariba. Doguwar hanya ce cikin itatuwa, gida ɗaya tak a ƙarshenta, ba hayaƙi ba fitila. Ƙarfen gaban motar yana kankarar kwalta. Sai fitilarsa ta haska wata tsohuwar bishiya. An tura tsibin ƙanƙarar jiya har gindinta, an juye mata gishirin narkar da ƙanƙara buhu guda.

Can ƙasarsu ko ruwan zafi ba a watsarwa da magariba sai da bismillah, balle gishiri a gindin bishiya.

Injin ya mutu.

Wani ƙauri ya cika motar, irin na babbakar kai. Ya kira Abass a waya.

"Me ka yi a nan jiya?"

Abass ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Sauri nake yi. Masu bishiyar sun ce mai motar ya dawo yau, ko su zo gidansa. Ina da yara, ɗan'uwa. Ka yafe min."

Abass ya kashe wayar.

Tsoron ma bai yi wa Abdulmuhaimin zafi kamar wannan cin amanar ba. Mutumin da suke cin tuwo a kwano ɗaya!

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

Wata tsohuwa ce, goye da jariri. Fatar jaririn duk ta saluɓe. Babu sawunta a kan ƙanƙara.

Ƙofar ta buɗe da kanta. Ta kama hannunsa na dama, ta shinshina.

"Ba wannan hannun ba ne," ta raɗa. "Ina mai shi yake kwana?"

Ya san layin. Ya san lambar ɗakin. Wallahi har sun zo bakinsa. Sai ya tuna Hamdia, 'yar Abass, da ke ce masa Baba.

Ya yi gum.

Ta matse. Sanyi ya ratsa har ƙashi.

"To riƙe masa," in ji ta.

Ya fizge ya yi ta gudu, yana faɗuwa yana tashi, har babban titi.

Hannun bai sake ɗumi ba. Likitoci sun duba ba su ga komai ba. Ko a zafin Yuli, in ya riƙe kofin shayi sai ya huce. Aikin tuƙi ya gagare shi.

Wata Juma'a bayan sallah, Abass ya matso cikin mutane, yana murmushin dole, ya miƙo hannu. Abdulmuhaimin ya ba shi na daman, ya riƙe gam. Murmushin ya gushe. Abass ya ja, ya sake ja, haƙoransa suka fara kaɗawa.

"Naka ne," in ji Abdulmuhaimin. "Ajiya ka ba ni. Ji nauyinsa ko sau ɗaya."