Jar Tuta a Cavancha

Yasna ba ta gama shigo da jakunkunan iyayenta ba, Baba ya zaro wata takarda daga aljihun rigar ulunsa ya buga ta a kan tebur, har kofunan shayi suka yi ƙara.

"Wa ya rubuta wannan?"

Ta leƙa. Saƙon da ta tura wa Mama ne ta waya mako biyu da suka wuce, an kwafe shi da biro layi-layi.

"Ni ce, Baba. Shawarwarin hanya ne kawai—"

"Shawarwari! Herminia, karanta mata, wataƙila ta manta abin da ta rubuta wa ubanta."

Mama Herminia ta ja dogon numfashi, ta maƙala tabarau, ta fara karantawa da muryar wadda ta sha karanta abin a cikin bas.

"Kada ku wahalar da kanku da laima ko takalmin roba, nan ba a ruwan sama. Ku zo da malfa da man kariya daga zafin rana, ku shafa ko da gari ya yi lumshi. Daga sha biyu zuwa ƙarfe huɗu kada ku yi doguwar tafiya a ƙasa. Ku sha ruwan gora, na famfo yana ɓata cikin baƙo. Kafin ku shiga tasi ku faɗa wa direba unguwar da za ku. In ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, kada ku jira kowa, ku bi korayen alamu ku hau tudu. In kun ga jar tuta a bakin teku, ko ƙafa kada ku tsoma."

"Tsaya nan!" Baba ya ɗaga yatsa. "Maimaita na ƙarshen."

"Haba, tsoho, ka ji shi sau goma tun daga tsibirinmu na Chiloé."

Baba, wanda ake kira Don Eleuterio Cárcamo don girmamawa, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kamun kifi a ruwan kudu, inda sanyi ke tsage fatar hannu. Kwana biyu ya yi a bas, don ya rantse ba zai hau jirgin sama ba, ya zo birnin Iquique da ke can arewa ganin mutumin da autarsa ta ce shi za ta aura. Yasna shekararta huɗu tana aikin jinya a nan garin namu, tana zaune a hawa na goma sha biyu na wani dogon bene, tagar gaba tana kallon teku, ta baya tana kallon tudun yashi.

"Ni za a koya wa teku?" Muryarsa ta cika falon. "Ke da na ɗauko ki a kwalekwale kina wata uku?"

Yasna ta sunkuyar da kai. "Na ƙarshen ba ni na sa ba, Baba. Braulio ne ya ce in ƙara. Aikinsa ne, shi ke ceton masu iyo a bakin tekun Cavancha."

"Af! Ashe surukin ne ya fara ba ni darasi tun ban ga fuskarsa ba! Yaron da iyayensa ke noman mangwaro da lemun tsami a tsakiyar hamada! Wanda ke zaman rumfa da gajeren wando yana hura usur kamar alƙalin ƙwallo!"

"Gobe da yamma zai zo shan shayi, ka gan shi da idonka."

"Zan gan shi. Shi ma zai gan ni."

Washegari Yasna ta fita aiki da sassafe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Baba ya rataya tawul, ya ce zai je teku ya wanke ƙurar hanya. Mama ta bi shi da malfa a hannu tana roƙo, ko waiwaye bai yi ba.

Ranar teku ya tashi da fushi. Jar tuta na kaɗawa a kan kowane sanda, mutane sun baje a kan yashi ba mai shiga. Baba ya tsaya ya ƙare wa ruwan kallo, ya zaɓi wani gurbi tsakanin igiyoyi biyu, inda ruwan ya kwanta lumui ba kumfa. Ya tuɓe riga ya nufi wurin.

"Ranka ya daɗe, a dakata," wata murya ta ce a bayansa, a hankali.

Bai kula ba. Ruwa ya kai masa idon sawu.

"Ranka ya daɗe, don Allah a fito."

Ruwa ya kai gwiwa. Sai usur ya tsage iska, dogo, mai kashe kunne. Duk bakin tekun ya juyo. Wani dogon saurayi baƙi wul da rana ya faɗa ruwan da gudu, ya sha gabansa ya buɗe hannuwa.

"Ba a shiga yau. Koma baya!"

"Matsa min, yaro! Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Don Eleuterio." Ƙafar saurayin ba ta motsa ba. "Na ga hotonka a wurin Yasna. Ni ne Braulio."

Mama ta dafe ƙirji a bakin yashi. Baba ya tsaya kamar an zuba masa ruwan zafi.

"Kai ne? Ka san ni, kuma ka hura min usur a gaban jama'a kamar kare?"

"Na kira ka sau biyu a hankali."

"To yanzu ka ji da ƙarfi: matsa!"

Ya ture shi da kafaɗa. Braulio ya riƙe damtsensa gam.

"Ka yafe ni. In ka ƙara taku ɗaya zan kira jami'an ruwa su fitar da kai. Ko ubana ne haka zan yi."

Wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale da dariya. Wani mai sayar da ƙanƙara ya ɗaga murya: "Fito, kaka, kifaye sun ƙoshi yau!" Baba ya fizge hannunsa, ya fito, ya wuce bai ko ɗauki rigarsa ba.

Babu shayin da aka sha ranar. Yasna ta dawo ta tarar an zuge jakunkuna an jera a bakin ƙofa.

"Ranar Asabar akwai bas," in ji Baba. "Kujera uku na sa aka ajiye."

"Uku, Baba?"

"Uku! Ba zan ba wa mara kunya 'yata ba. Wanda ya riƙe hannuna a gaban mutane tun kafin aure, bayan aure mari zai kai min!"

"Tsoho, ka ji tsoron Allah," Mama ta sa baki. "Yaron nan sau biyu ya—"

"Ke ma kin koma bayansa? Da mangwaro ya saye ki?"

Hawaye suka zubo wa Yasna. Ta shige ɗaki ta kira Braulio, duk fushin da ba ta iya yi wa uba ba ta juye masa.

"Ka kashe mu, Braulio! Ba ka iya jan shi gefe? Sai usur? Sai jami'ai? Ubana ne fa!"

"Ruwa ya kai masa gwiwa, Yasna. A daidai wurin da ya fi ko'ina ja."

"Ya iya iyo tun ba a haife ka ba!"

"Na sani. Shi ya sa na ji tsoro."

"To je ka ba shi haƙuri. Ka ce ka yi kuskure, ko da baki ne kawai."

Braulio ya amsa a hankali:

"Zan ba shi haƙurin kunyar da ya ji, ko a gwiwa ne. Amma ba zan ce na yi kuskure ba. In na faɗa, gobe zai koma ya shiga."

Ta kashe wayar ta jefa ta kan gado. Ta daɗe tana kuka, sannan ta wanke fuska ta fito ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba zan yi aure ba da albarkarka ba, ko shekara nawa za ta ɗauka. Amma ba zan hau bas ɗin nan ba, ina da marasa lafiya a hannuna. Kuma ba zan auri wani ba. Zan jira."

"Sai ki tsufa kina jira!"

"To, Baba."

Wannan "to" ɗin ya fi zagi ƙona masa rai. Braulio ya zo ƙofar benen sau biyu, Baba ya ce wa mai gadi kada ya bar shi ya hau.

Amma mutumin da ya saba da sarari ba ya iya wuni a hawa na goma sha biyu. Ranar Alhamis da safe ya sauka, ya zauna a kan katangar da ke raba titi da yashin Cavancha. Ya gaya wa Mama dalilinsa ƙarara: zai zauna ya ga yadda yaron ke aikinsa, ya tattara hujja, ya kai ƙararsa wurin shugabanninsa. Tutar nan burga ce kawai, in ji shi, don malalata su huta.

Mama ta zauna gefensa tana saƙa. Awa ɗaya yana zagi. A awa ta biyu zagin ya ragu. A ta uku ya yi tsit, idonsa a kan gurbin nan mai santsi da ya zaɓa. Ya lura launin ruwan wurin ya fi duhu. Ya lura kumfar da igiyoyi ke kawowa daga dama da hagu duk nan take taruwa, kuma maimakon ta tsaya, sai ta juya ta nufi ciki.

Ranar Juma'a ya dawo tun da wuri. Ya tsinci wani guntun katako da teku ya watso, mai nauyi kamar damtsen mutum, ya taka har bakin ruwa ya wurga shi daidai inda ya tsaya ran nan. Yana ƙirgawa a ransa. Kafin ya kai arba'in katakon ya wuce inda igiyoyi ke fashewa. Kafin ya kai ɗari ya zama ɗigo, sannan ya ɓace.

Ya dawo ya zauna a kan katanga, fuskarsa ta canza.

"Me ka gani, tsoho?"

"A wurinmu, inda ruwa ya kwanta nan ne lafiya," ya ce. "Nan kuwa hanyarsa ce ta komawa. Kogi ne a cikin teku, Herminia. Da na ƙara taku uku..." Ya naushi cinyarsa. "Kai! Tir! Shekara arba'in da ɗaya, na zaɓi ƙofar kabari da idona!"

"To sai ka tashi. Ka san inda rumfarsa take."

"Kada ki koya min!"

Ya yi minti goma yana huci, sannan ya tashi. Braulio na hango shi ya sauko daga tsani ya cire hula.

"Don Eleuterio, kunyar da na sa ka—"

"Rufe min baki, ni zan yi magana. Kogin nan na cikin teku kullum a nan yake?"

"A'a. Yana tafiya. Makon jiya yana can gaban duwatsu. Kowace safiya sai na neme shi."

"Mutum nawa ka fitar daga cikinsa?"

"Ban ƙirga masu rai ba. Waɗanda na fitar ba numfashi, huɗu ne cikin shekara tara. Uku gwanayen iyo ne. Wanda bai iya ba ba ya kaiwa nan, tsoro ke tsare shi."

Baba ya nuna usur ɗin da ke wuyan Braulio.

"Ka san in ka hura abin nan za ka iya rasa yarinyar?"

"Na sani tun kafin in sa shi a baki."

"Kuma ka hura."

"Da ban hura ba, da wace fuska zan kalle ta?"

Baba ya kau da kai, ya share ido da bayan hannu, ya ce yashin garin nan ya cika shiga idon mutane.

"Hannunka kamar ƙarfe, har yanzu damtsena na ciwo," ya ce cikin faɗa. "Ƙarfe shida za ka zo gida. Ka sa dogon wando! Kuma ka gaya wa iyayenka ina son ganinsu, ba a neman 'yar Cárcamo a bakin ruwa."

Da yamma Yasna ta turo ƙofa a gajiye, idanunta a kumbure, ta tarar da su biyu a tebur, Baba ya jera cokula da gutsuttsuran burodi yana nuna wa Braulio yadda ruwa ke juyawa tsakanin tsibiran kudu, yana yi masa tsawa wai ba ya saurare da kyau. Jakar hannunta ta suɓuce ta faɗi.

"Me kika tsaya kallo?" in ji Baba. "Kin ce za ki jira, to kin jira kwana uku, ya isa. Zo ki durƙusa ki karɓi abin da kika nema, kafin in canza shawara!"

Ta durƙusa tana kuka tana dariya. Ya ɗora hannuwansa masu kaushi, ɗaya a kanta, ɗaya a kan Braulio, ya sa musu albarka. Bayan wata biyar aka ɗaura auren, kuma duk wanda ya halarta ya ce uban amarya ya fi kowa rawa.

Mai karatu, kowane gari da halinsa, kuma gwaninta a gida ba ta sa mutum ya san gidan wani. In ɗan gari ya ce maka kada ka taka nan, ba raini ba ne. Yasna ba ta bijire wa mahaifinta ba, ba ta kuma yi watsi da masoyinta ba, ta yi haƙuri har gaskiya ta bayyana da kanta. Shi kuwa Braulio ya yarda ya rasa abin da ya fi so a duniya don tsohon ya koma gida da ransa. In kika sami wanda zai iya ɗaukar fushin danginki a kan gaskiya, 'yar'uwa, ki riƙe shi da kyau, irinsu ba su da yawa.