Hoton Koci Shekari

A shekarar 1986, akwai wata yarinya 'yar aji biyar a unguwar Narayi, tana zaune da kakarta. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma tana da hali guda: sai ta ɗauki abu kafin ta tambaya.

Wata Alhamis malaminsu, Malam Ernest, ya ce, "Gobe kowa ya zo da littafinsa a naɗe da takarda. Wanda bai yi ba, shi da bulala."

Ta dawo gida, ta tarar Kaka ta tafi coci taron zumuntar mata. Yarinyar ta duba ko'ina, babu takarda. Sai ta jawo akwatin ƙarfen Kaka daga ƙarƙashin gado. Ga wata tsohuwar jarida a ninke cikin zani. Ta sa almakashi ta yanka, ta naɗe littafin lissafinta tsaf.

Da Kaka ta dawo, ta ga guntaye a ƙasa. Ta tsugunna ta ɗauki ɗaya. Rabin fuskar mutum ne.

"Ke! Wa ya aike ki akwatina?"

"Kaka, ai tsohuwar jarida ce. Ke da ba ki iya karatu ba ma."

"Ban iya karatu ba," in ji Kaka a hankali, "amma na san fuskar mijina."

Kakan yarinyar ne, Koci Shekari. Shekara goma sha biyu yana horar da ƙungiyar ƙwallon wata masaƙa a Kakuri. Ranar da suka ci kofi aka ɗauki hoton, aka buga shi a jaridar. Ya rasu tun ba a haife ta ba, kuma babu wani hotonsa a gidan sai wannan.

Kaka ba ta doke ta ba. Ta zauna bakin ƙofa, ko tuwo ba ta taɓa ba. Yarinya ta ji da ma dukan aka yi mata.

Washegari Malam Ernest yana duba littattafai, ya zo kan nata, ya ga sauran hoton a bangon littafin, ya tsaya cak.

"Ina kika samo wannan?"

Ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai.

"Koci Shekari kakanki ne? Ni ne golansa shekara huɗu! Ya taɓa kora ta daga fili don na gudu daga makaranta. Ya ce kada in dawo sai da takardar jarabawa a hannu. Ba don shi ba, da yau ban riƙe alli ba."

Da aka tashi, ya rako ta gida. Suka ware jaridar a hankali, suka haɗa guntayen da ƙaro a kan kwali. Fuskar ta haɗu, amma layin almakashi bai ɓace ba.

Yarinya ta durƙusa. "Kaka, ki yafe mini."

"Tashi, kukan ya isa. Shekara goma sha biyar ina ajiye da jaridar nan, ban taɓa roƙon kowa ya karanta mini ba. Zauna ki karanta."

Ta fara. Da ta zo inda aka rubuta cewa Koci mutum ne mai haƙuri, Kaka ta kwashe da dariya har da hawaye.

"Shekari? Haƙuri? Lallai ba su zauna da shi ba! Ɗauko wa Malam tuwo, ni ma ki zubo mini."

Tun daga ranar, yarinyar nan ba ta ƙara taɓa kayan wani ba sai ta tambaya. Yara, ku ma ku riƙe wannan: abin da kuka ga ya tsufa, mai shi ya san dalilin da ya ajiye shi. Ku tambaya tukuna.