Sanarwa ta Uku

Auta tana tsaka da goge kayan zuwa coci a kan teburin falo, sai ga Baba ya banko ƙofa ko sallama babu, ya wurga makullin bas ɗinsa kan kujera.

"An fasa auren nan! Ki ji da kunnenki, an fasa!"

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Ikon Allah! Maigida, auren da saura sanarwa ɗaya? Me ya yi zafi haka?"

Abin da ya yi zafi kuwa tsohuwar bas ce mai kujera sha takwas. Baba ya samu mai saye, wata shugabar makaranta da ke neman motar ɗaukar ɗalibai. Ya kai ta garejin saurayin Auta, bakaniken da kowa ke kira Injiniya, don a ɗan yi mata kwalliya. Shi kuwa Injiniya yana da hali guda: ko fitila aka kawo ya canja, sai ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin mota. Da ya leƙa ya tarar babban ƙarfen da ke riƙe da motar ya tsage. Baba ya ce a shafe wurin da baƙin fenti. Injiniya ya ce a ba shi mako uku ya canja ƙarfen. Suna cikin haka matar ta iso, ta tambaye shi kai tsaye ko motar lafiya take, ya faɗa mata gaskiya. Nan ciniki ya watse.

"A gabana!" Baba ya buga ƙirji. "Ni dattijon ikilisiya guda, sa'an ɗan cikina ya mai da ni maƙaryaci! To ko ya je ya ce wa matar nan kuskure ya yi, ko kuwa ranar Lahadi in miƙe."

Auta ta ajiye dutsen guga. A cocinsu sai an karanta sanarwar aure Lahadi uku a jere, kowace Fasto ya tambaya ko akwai mai dalilin hanawa. An yi biyu lafiya. Idan uban amarya ya miƙe a ta uku, magana ta ƙare ke nan.

"Baba, yara fa za a zuba a motar," ta ce a hankali.

"Rufe mini baki! Tun kafin a haife ki nake tuƙa motar nan, wa ta taɓa kashewa?"

Washegari Mama ta kirawo Gwaggo, yayar Baba, suka sa Auta a tsakiya a ɗaki. Gwaggo mace ce da ba ta rasa dabara, ko ba a tambaye ta ba.

"Ke 'yar nan, kalma ɗaya ce fa! Ya ce bai duba da kyau ba, shi ke nan. Daga baya ku nemi gafara, ai Allah mai jinƙai ne."

"Gwaggo, wato mu shirya zunubi, mu shirya tuba, duka a zama ɗaya?"

"Ji mini yarinya da baki! Shekararki ashirin da tara, kina ganin maza a kwance suke a bakin titi?"

Mama dai kuka take. Wannan kukan ya fi zagin Gwaggo ciwo, don Auta ta san tsoro ne kawai ke cin mahaifiyarta. Ta ɗauki jakarta ta nufi gareji.

Ta samu Injiniya zaune a kan tsohuwar taya, hannu duk baƙin mai, abincinsa a rufe ko taɓawa bai yi ba. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai.

"Auta, na yi tunani. Shekara huɗu muna jiran wannan rana. Zan kira matar a waya in ce mata tsagin ba wani babba ba ne. Daga baya in lallaɓa in gyara kyauta..."

"In kuma ya ɓalle kafin ka lallaɓa fa?"

Ya kau da kai gefe.

"Injiniya, dube ni. Ba don kyau na zaɓe ka ba, kai ma ka san madubi ba ya maka kara." Ya yi murmushin dole. "Na zaɓe ka don ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba. Ka danna lambar nan, ba sai Baba ya wahala ba, ni da kaina zan miƙe ranar Lahadi!"

"To ya za mu yi?"

"Ban sani ba! Amma Ubangijin da muka yi wa biyayya bai makance ba. Shi ya san yadda zai yi."

Ta faɗa da ƙarfinta, amma tana shan kwana ta jingina da bangon wani shago ta fashe da kuka. Baki ya iya cika, zuciya kuwa rawa take. Kwana biyar ta yi tana azumi da addu'a, ba abin da ya motsa. Baba ya daina amsa gaisuwarta, ta ci gaba da durƙusawa tana gaishe shi. Ranar Asabar da la'asar ta durƙusa a bakin gadonta ta ce, "Ya Yesu, ni dai ban ga hanya ba, kuma ina jin tsoro. Ina son mutumin nan. Amma ko ka ba ni shi ko ka hana ni, ƙaryar nan ba za mu yi ta ba."

Lahadi coci ya cika maƙil. Auta tana cikin mawaƙa, Injiniya yana can baya, Baba yana kujerar dattawa fuska a murtuke. Fasto ya buɗe takarda ya karanta sanarwa ta uku, ya ɗago kai.

"Ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa waɗannan biyu?"

Kujera ta yi ƙara. Baba ya miƙe!

Mama ta dafe ƙirji. Auta kuwa ba ta kau da kai ba, ta zuba wa mahaifinta ido hawaye na zuba.

Fasto ya cire tabarau. "To, Dattijo. Ka fi ni sanin ƙa'ida. Wanda ya miƙe sai ya faɗi dalilinsa a gaban jama'a, a gaban Allah."

Ashe duk mako guda da Baba ya yi yana cika yana batsewa, miƙewar kawai ya shirya, bai shirya abin faɗa ba.

"Dalilina shi ne, yaron nan ya raina ni. Na sa shi abu ya ƙi."

"Me ka sa shi?"

"Na ce ya... wata mota ce ta ɗaukar ɗalibai..." Baba ya tsaya. A gabansa kaɗan yaran makarantar Lahadi ne zaune a jere a kan benci, ƙafafunsu ko ƙasa ba sa kaiwa, duk sun ɗago suna kallonsa. Da ya sake magana, muryarsa a dushe ta fito.

"Ƙarya na sa shi ya yi, ya ƙi. Dalilina ke nan, ba ni da wani. Jama'a, ni ne abin tuhuma, ba shi ba. Ku yi mini addu'a." Ya juya wajen 'yarsa. "Auta, kin fi ubanki tsoron Allah. Fasto, a ɗaura."

Gwaggo ce ta fara rangaɗa "Halleluya!" kamar ba ita ba. Auta kuwa ta sauko daga cikin mawaƙa da gudu ta faɗa jikin Baba, suka yi ta kuka tare.

Bayan mako biyu aka ɗaura aure, Baba da kansa ya riƙo hannunta har gaban bagadi. Wanda ya riƙe gaskiya ya bar wa Allah sauran, ko taimako ya yi jinkiri ba zai kunyata ba. Auta ta yi ta roƙon a cece mata aure, Ubangiji ya ba ta auren, ya kuma mayar mata da uba.